Sama Ko Gaba? Gardamar Lagireton Kwamfuta A Majalisarmu

Mu nan Sundimina, in sabon abu ya shigo gari ba ya kwana biyu bai zama na kowa ba. Wanda ya zare kuɗi ya saya shi ne mai kaya, amma yadda za a kafa shi da inda za a ajiye shi, wannan maganar majalisa ce. Haka muka yi da farantan sola lokacin da suka fara hawa kan rufin kwano, kowa da ɓangaren da yake ganin ya kamata su fuskanta. Yanzu kuma abin da ke ci a bakin shago bayan la'asar shi ne kwamfuta mai ruwa a ciki, da tambayar da ta zo da ita: lagireton nan nata, a ina ake ɗaura shi?

Kada wani ya ɗauka ta cika gari. Daga nan har cikin Birnin Kudu, ka miƙa Gwaram da Sara, mafi yawan kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da cike fom tsofaffin HP da Dell ne na ofis, 'yar fankarsu tana juyi, kuma suna biyan buƙata. Masu ruwan 'yan ƙalilan ne, a hannun samarin da suka koyi haɗa bidiyo, na biki da na walimar saukar Alƙur'ani da na Maulidi da na taron siyasa. Wasu a Kazaure suka yi karatun kwamfuta, wasu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wasu kuwa zaman shago suka yi a Kano wajen masu tace finafinai na titin Gidan Zoo har hannunsu ya faɗa. Su ne ke tara kuɗin aikin kaka da na lokacin zaɓe, su shiga mota ta Wudil, su je Beirut Road ko Farm Centre su dawo da kwalaye. Ranar da za a haɗa kuwa, shagon ba ya ɗaukar mu.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, abin ba shi da wuyar ganewa. Furosesa zafi take yi in tana aiki, manyan na yanzu kuwa ba sa wasa. Core i9-13900K ta Intel tana iya jan wat 253, kuma duk zafi yake komawa, a wurin da bai kai tafin hannun yaro ba. Sai aka kawo farantin jan ƙarfe aka manna a kanta, a bayansa ɗan ƙaramin famfo. Daga famfon tiyo biyu suka fita zuwa lagireto. Ruwa ya kwashi zafi daga farantin, ya bi tiyo ɗaya ya ratsa siraran hanyoyin lagireto, fankoki su hura masa iska, ya dawo ta ɗaya tiyon da sauƙinsa. Tun daga masana'anta ake zuba ruwan a rufe ruf, ba a bar wa mai saye aikin ƙari ba. Girmansa da yawan fankokinsa ake kiransa: mai milimita 120 fanka ɗaya, mai 240 fanka biyu, mai 360 fanka uku, akwai kuma mai 280 wanda fankokinsa biyu suka fi faɗi. Kamfanin Asetek na ƙasar Denmak ne ya yi suna wajen ɗora famfo a kan farantin, kuma tun da Corsair ta fitar da H50 a 2009 irin wannan ya bazu a duniya, har ya iso mana.

To, a nan ake rabuwa. Masu cewa a ɗaura shi a gaban akwatin kwamfuta sun fi yawa, sun kuma fi ɗaga murya. "Yaya, ai sanyin waje yake nema, ka kafa masa a ƙofa ya sha iska tun ba ta gurɓace ba." Akwai kuma dalilin da ba a cika furtawa ba: fankokin nan masu fitilu ne kala-kala, in suna gaba duk wanda ya shigo shago zai gani, kuma mai kawo aikin bikin 'yarsa ya fi sakin jiki in ya ga injin da ya amsa sunansa. Wannan ba abin raini ba ne, kasuwa ce. Masu cewa sama su kan ce, "Haba ɗan'uwa, zafi ai sama yake yi, ka buɗe masa hanya ya fice." Sai kashi na uku, waɗanda su ne ma suka fi aikatawa: duk inda ƙusoshi suka dace da huda, nan ne wurinsa. In gaba ya ƙi, in sama ya ƙi, a kwantar da shi a ƙasan akwati, ai dai ruwa yana zagayawa.

Wannan kashi na uku shi nake so mu fara tsayawa a kansa, domin shi ne mai kashe kaya. Kuma abin da na lura, dattawanmu masu noman rani sun fi samari saurin gane dalili. Ka ce wa Baba mai fadama famfo ne a ciki, kafin ka rufe baki zai tambaye ka, "To, ba ya shan iska?" Ya san injin ban-ruwa. Ya san in iska ta shiga cikinsa zai yi ta ƙara yana ƙona mai, mesa kuwa ko ɗigo, sai an tsayar an cika masa ciki da ruwa sannan ya ja. Famfon kwamfuta ma halinsa ke nan. Duk lagireton da aka rufe daga kamfani akwai 'yar iska a cikinsa, ba a cika shi maƙil. Shekaru suna tafiya ruwan yana tsotsewa ta jikin tiyo kaɗan-kaɗan, ba tare da ka ga yoyo ba, iskar tana ƙaruwa. Ita kuwa iska a cikin ruwa wuri ɗaya ta sani, inda ya fi ko'ina tsawo. In wurin nan saman lagireto ne, ta je ta kwanta abinta, babu wanda ta dama. In kuwa famfo ne ya fi ko'ina tsawo, a kansa za ta taru. Sai ka fara jin ƙugi kamar ana kurkure baki, ruwa ya rage gudu, zafi ya hau, kuma tunda ruwan nan shi ne ke sulɓa wa famfon wurin juyi, yana juyawa a bushe yana cin kansa.

Saboda haka kwantar da lagireto a ƙasan akwati, famfo yana sama da shi, ya fita daga lissafi. Ba mu kaɗai muke wannan kuskure ba. A 2020 Steve Burke na tashar Gamers Nexus a Amurka ya yi bidiyo guda a kan haka, ya nuna da ido inda iskar ke taruwa a kowace irin ɗaura, har ma ya nuna cewa akwai kamfanonin da suke ɗaura shi ba daidai ba a hotunan tallansu. Yaranmu da yawa daga irin hotunan nan suke kwaikwayo, suna ganin tunda mai kaya ne ya yi, ai shi ke nan.

Saura gaba da sama, kuma duka biyun suna yiwuwa. In gaba ne, lagireto a tsaye yake, sai a kula da abu biyu. Kansa na sama ya wuce famfo tsawo, ko da yatsa biyu ne. Sannan in da hali, bakin tiyo ya kasance a ƙasa, domin iska ta haye can ƙarshen sama inda babu mai zuƙo ta. Da yawanmu muna juya tiyo sama saboda ya fi sauƙin kaiwa, tsawonsa wajen santimita 40 ne kawai, ga dogon katin hoto ya tare hanya. Ba mutuwa ba ce in dai famfo yana ƙasa da kan lagireto, amma iskar tana zaune daidai bakin tiyo, in ruwa ya ragu za a riƙa jin ƙwal-ƙwal, wata rana kuma ta biyo ruwa ta sauko. In sama ne kuwa, lagireto a kwance yake a kan komai, famfo can ƙasa. Iska ba ta da abin da zai kawo ta wurinsa. Ta fuskar lafiyar famfo babu kamar wannan.

Masu cewa gaba suna da gaskiyarsu, a ba su. Lagireton da ke shaƙar iskar waje kai-tsaye ya fi sanyaya furosesa da 'yan digiri kaɗan. Sai dai iskar da ta ratsa shi ba ɓacewa take yi ba, cikin akwati take shiga da ɗuminta, ta tarar da katin hoto da ram da ma'ajiyar bayanai. Katin hoto kuwa shi ma murhu ne: RTX 3060 da samarinmu suka fi iya saye yana jan wat 170, babban yayansa RTX 4090 yana kai 450. Mai tace bidiyo duka biyun yake wahalarwa, furosesa da kati. In lagireto yana sama yana fitarwa, sai lissafin ya juye, kati ya sami iskar gaba mai daɗi, furosesa ta karɓi iskar da ta ɗan ɗumama. Bambancin ba mai yawa ba ne, kuma a ɗaki mai sanyi mutum zai iya rufe ido ya zaɓa.

Amma mu ba a ɗaki mai sanyi muke ba, kuma nan ne nake ganin ya kamata mu daina kwafar maganar masu gwaji kamar yadda suka faɗe ta. Su a ɗakin da ke tsakanin digiri 20 da 25 suke awo. Mu daga Maris zuwa Mayu rana tana haye 40 a waje, shagon kwano mara sili ya fi haka, duwatsun Birnin Kudu kuma su riƙe zafin yini su riƙa sako shi har bayan isha. Ruwan lagireto ba ƙanƙara ba ne, kuma babu firji a ciki. Iyakar abin da zai iya shi ne ya kusanci zafin iskar da ake hura masa, ba zai taɓa yin ƙasa da ita ba. In ɗakinka ya fi na mai gwaji zafi da digiri 18, ka ɗora wajen 18 ɗin nan a kan lambar da ya nuna maka. Furosesar Intel in ta kai 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, Ryzen 7000 ta AMD kuwa a 95 take tsayawa. Shi ya sa za ka ji yaro yana cewa, "Kawu, da safe minti kaɗan take fitar da bidiyo, da azahar kuwa sai ta riƙa jan ƙafa." Ba aljanu ba ne, ba kuma cutar kwamfuta ba ce. Ɗakin ne. Duk zafin da lagireto ya fitar a ɗakin yake zama, in babu taga biyu ko fankar da ke jan iska waje, shi za a sake shaƙa. Masu tura akwati cikin lungun tebur, bayansa manne da bango, su ma su ji wannan.

Sai ƙura, wadda ita ce ta sa na tsaya a kan sama. Haƙarƙarin lagireto sirara ne a matse, ramukansu ba su fi ƙwayar gero ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya barinmu, kafin nan ga ƙaiƙayin sussuka da na casa lokacin kaka, shagon da ke bakin titi kuma kullum cikin ƙurar mota da babur yake. Lagireton da ke gaba yana zuƙa, shi ne na farko da zai karɓi duk wannan. In babu tata a gabansa, kafin hunturu ya raba sai ka ga ya yi bargon ƙura, fankoki suna ihu iska ba ta wucewa, 'yan digirin nan da aka yi gardama a kansu sun tafi har da riba. Share shi kuma sai an kwance fuskar akwati, wani lokaci har da fankoki. In kuwa yana sama yana fitarwa, gaba kuma akwai tata da fankokin shigarwa, iskar da za ta iske shi an riga an tace ta. Tata kuwa zare ta ake yi a kakkaɓe a mayar. A tabbatar dai iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita yawa, domin in fitarwa ta rinjaya, akwati zai riƙa zuƙo ƙura ta kowace 'yar kafa da babu tata.

Akwai wata al'ada tamu da ke rushe duk wannan tsari. Da zarar bazara ta kama, sai mu cire murfin gefe mu kafa wa kwamfuta fankar tsaye. Lamba tana iya sauka a ranar, shi ya sa muke yarda da ita. Amma an buɗe wa ƙura babbar ƙofa, an kuma mayar da tata abin ado. Ga yara masu shigowa, ga ƙadangare da gizo-gizo da zanzaro mai neman inda zai yi gini. Gara a bar murfi a rufe, fankar tsayen a juya ta wajen ƙofa ko taga ta riƙa korar zafin ɗakin.

Wani abin da ke mayar da mutum Kano sau biyu shi ne rashin awo. Lagireto na yau da kullum kaurinsa wajen milimita 27 ne, fanka 25, an haura 50 ke nan, na kamfanin Arctic kuwa shi kaɗai 38 ne. A saman wasu akwatunan, da ka ɗora sai ya ci karo da dogon ram mai fitila ko ƙarafunan da ke kan madabod. A gaba kuma yana cinye wurin katin hoto. Birnin Kudu zuwa Kano ya fi kilomita 100, kuɗin mota ba kaɗan ba ne, kuma ba kowane mai shago ne ke karɓar kayan da aka yage ledarsa ba. Duk akwati mai suna yana da takardar da ta faɗi girman lagireton da samansa da gabansa ke ɗauka, ana samunta a intanet. A duba tun a gida, ko a sayi akwati da lagireto rana ɗaya a gwada a gaban mai sayarwa.

Masu tsohon akwatin ofis su ne abin tausayi. Samansa a rufe yake, a wasu ma nan ne tukunyar wuta take, gabansa kuma babu huda. Sai majalisa ta ce a kai wa mai walda. Na ga akwatin da aka yanke wa sama da kyau har ya yi aiki, amma sharaɗin shi ne a kwashe komai daga ciki kafin a taɓa shi, a kuma share garin ƙarfe tas, domin ƙwaya ɗaya in ta faɗa kan madabod ta isa. Wanda ba ya son yanka, in akwatinsa yana da gurbin fanka mai 120 a baya, ƙaramin lagireto zai zauna a nan, bakin tiyo a ƙasa, kansa ya wuce famfo. A kuma yi hattara da ƙusoshi. Kala biyu ne a cikin kwali, dogaye na ratsa fanka, gajeru na kama lagireto da akwati. Ka ɗauki dogo ka sa inda gajere ya kamata, ko ka aro na wani wuri, sai ya nutse ya huda hanyar ruwa. Ɗaurewa da wayar wuta ko igiyar roba da wasu ke yi ba ta hana kaɗawa, kuma tana barin kafa tsakanin fanka da lagireto inda iska ke zillewa.

Na hannu kuma fa? Yawancin abin da aljihunmu ke kaiwa shi ne. Akwati na hannu babu laifi, fanka ma haka, amma lagireto na hannu shekarunsa ake tambaya, domin kowace shekara ruwansa raguwa yake. Ka girgiza shi kusa da kunne. 'Yar motsin ruwa kaɗan ba komai ba ne, amma in ka ji yana kaɗawa kamar rabin gora, ka ajiye musu. Irin wannan shi ne ya fi buƙatar a ɗaura shi sama, tunda iskarsa ta yi yawa. Kuma a nan ne bakanike ke shigowa da kyakkyawar niyya: "Malam, kawo in buɗe in cika maka." Ruwan ciki ba ruwan rijiya ba ne, ba kuma na leda ba. Faranti jan ƙarfe ne, lagireto alminiyon, ƙarafa biyun nan in suka haɗu cikin ruwa ɗaya ɗayan yana cin ɗayan, shi ya sa kamfani ke haɗa ruwan da sinadarin hana tsatsa da na hana gansakuka. A bayan farantin kuma akwai tsagogi ƙanana da ido da ƙyar yake rarrabewa, ruwanmu mai kanwa-kanwa zai toshe su cikin ɗan lokaci.

Ƙananan abubuwa biyu ko uku da hayaniyar ranar haɗawa ke sa a manta: wasu farantan suna zuwa da leda manne a fuskarsu, sai an ɓare. Wayar famfo tana da gurbinta a madabod, an rubuta AIO_PUMP, in babu sai CPU_FAN, kuma a bar famfo ya yi gudunsa kada a rage masa da yawa don neman shiru. In an kunna, ka riƙe tiyo da yatsa, za ka ji 'yar karkarwa. Ranar da ka ga zafi ya yi tsalle cikin daƙiƙoƙi, kusa da faranti ya ɗau zafi lagireto kuwa da sanyinsa, famfo ne ya tsaya. A kashe nan take.

Wannan ya kawo maganar da ba a so a yi a gaban mai sabon kaya, amma ni ina yinta: ba kowa ke buƙatar ruwan nan ba. Mai buga katin gayyata da fastar ɗan takara a CorelDraw, furosesarsa Core i5-12400 ce mai wat 65, hasumiyar ƙarfe mai fanka ɗaya da ake ɗorawa kan furosesa ta ishe shi har da saura. Ita babu famfo a cikinta, babu ruwan da zai ragu, babu ruwanta da sama ko gaba. In fankarta ta mutu, kowace fanka mai girmanta za ta maye, ko an ɗaura ta da dabara kafin a samu ta gaske. Famfo kuwa in ya mutu ranar Alhamis, bidiyon biki ana jiransa Asabar, sai dai a nufi Kano. Kuɗin da ke tsakani, a ganina, gara a sa shi a batir ko a yi wa shago sili. Amma wanda aikinsa ya kai, wanda ke kwana yana fitar da bidiyo mai nauyi da babbar furosesa, ya sayi abinsa, ya samu mai 240 ko 360, ya ajiye 'yar hasumiya a kwali saboda ranar tsautsayi. Yaran nan sana'a suke ginawa a garin da a da sai an je birni ake samun irinta, kuma haƙƙinsu ne a kanmu mu ba su shawarar da za ta sa kayansu su daɗe.

Ni dai hukuncina sama ne, yana fitarwa, tata a gaba. Sai dai sama tana da abokin gaba guda, kuma mu ne. Mu a wurinmu duk abin da ke da shimfiɗaɗɗen kai kanta ce. Mai zuwa caji ya ɗora wayarsa a kan akwati, mai shago ya ɗora fayil da rim ɗin takarda, wani ya ninke sallaya ya aza, wani hularsa, yaro ya kawo kwanon abincin rana bai ga wurin da ya fi nan ba. Ramukan nan na sama su ne hancin lagireto, takarda ɗaya in ta kwanta a kai ta toshe rabi. Mafi muni shi ne ledar ruwa mai sanyi ko kofin shayi, domin abin da ya ɗiga ta nan kai-tsaye kan madabod da katin hoto zai sauka. Tawul da mayafin da muke rufawa saboda ƙura kuwa suna da amfani ƙwarai, tunda in an ɗauke wuta fankoki sun tsaya, ƙura tana sauka ta saman nan a hankali ta kwanta kan haƙarƙari. A rufe in an kashe. Amma sau nawa wuta ke dawowa a danna maɓalli cikin gaggawa, tawul yana nan a kai, sai an ji fankoki sun haukace a tuna? Wanda ya san ba zai iya hana jama'arsa ɗora kaya ba, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, to gara ya koma gaba, tiyo a ƙasa, da tata mai kyau, ya kuma ɗauki alƙawarin kakkaɓa duk mako in hazo ya sauka.

Akwatin ma a ɗaga shi daga ƙasa, domin ƙurar shara da ta takalma a nan take yawo. In za a hure da bulowa, a fitar da shi waje, a kashe wuta a zare waya, a riƙe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da ƙima, a huro ta ɓangaren da iska ke fita domin ƙurar ta koma ta inda ta shigo.

Mu kuma masu zaman bakin shago, don Allah a bar saman akwatin nan a buɗe. In wurin ajiyar waya ne babu, mai shago ya kafa mana 'yar kanta a bango kusa da soket, katako ɗaya ne da ƙusa huɗu.